Mutum 14 a Garin Nicodemus: Me Wannan Adadi Yake Faɗa, Me Kuma Ya Ɓoye?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni malamar labarin ƙasa ce a wata makarantar sakandare. Ina shirya darasi a kan matsugunan karkara sai na ci karo da wani wuri a jihar Kansas ta Amurka mai suna Nicodemus. An rubuta cewa mutum 14 ne kacal a cikinsa a ƙidayar 2020, kuma wai ba shi da hukumar kansa, amma duk da haka yana kan taswira, har gwamnatin tarayya tana kula da wasu gine-ginensa. Yaya wuri mai mutum 14 zai amsa sunan gari? Wa yake mulkinsa, me kuma ya kori mutanensa? Shin wannan adadi ma abin dogaro ne?"

Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka da alheri. Idan na fahimce ki daidai, abubuwa uku ne suka haɗu suka ɗaure miki kai: matsayin wurin a wajen doka, dalilin da ya sa jama'arsa suka ragu har suka kai haka, da kuma ko adadin nan na 14 ya faɗi gaskiyar wurin. Na daɗe ina koyar da darasin matsugunai, na kuma yi aikin shata yankunan ƙidaya da ƙirga gidaje a ƙauyuka, saboda haka tambayarki ta uku ce ta fi tsaya mini a rai. Sai dai ba ta amsuwa sai an fara da biyun farko. A ganina adadin ba ƙarya ba ne, amma abin da ya auna ɗan kaɗan ne, wato mutanen da suke kwana a cikin wani layi da aka zana a taswira, a wata rana guda ta shekara.

Gari marar hukumar kansa

A tsarin Amurka, ƙasa ta kasu zuwa jihohi, jihohin kuma sun kasu zuwa gundumomi, Kansas ita kaɗai tana da 105. Duk inda mutum ya tsaya a jihar yana cikin wata gunduma, amma ba dole ba ne ya kasance ƙarƙashin wata hukumar gari. Hukumar gari abu ne da mazauna wuri suke nema da kansu bisa dokar jiharsu: su shigar da takardar buƙata, a shata musu iyaka, a ba su ikon zaɓen magajin gari da 'yan majalisa, su sa haraji, su kafa dokokin cikin gida, su ci bashi da sunan garin. Akwai irin waɗannan hukumomi kimanin 19,500 a faɗin ƙasar. Wurin da bai nemi wannan matsayi ba, ko ya taɓa samu ya ajiye, shi ne gari marar hukumar kansa. Yana da suna, yana da allo a bakin hanya, sau da yawa yana da coci da maƙabarta, amma a idon doka wani ɓangare ne kawai na gundumar da yake ciki, ba ya kai ƙara da sunansa, ba a kuma kai shi.

Kada ki ɗauka ƙanƙanta ce ke jawo haka. A jihar Nevada akwai wani wuri mai suna Paradise, inda mafi yawan manyan otal-otal ɗin da ake dangantawa da Las Vegas suke, yana da mutum wajen 190,000, kuma ba shi da hukumar kansa. A jihar Nebraska kuwa akwai Monowi, ƙauye mai cikakkiyar rajista, wanda a 2020 mace ɗaya tak take zaune a cikinsa, ita ce kuma magajiyar garin. Abin da ke raba su takarda ce da shawarar mazauna, ba yawan kawuna ba.

Nicodemus yana cikin gundumar Graham, a arewa maso yammacin Kansas. Kwamishinonin gunduma da ke zaune a Hill City, kimanin kilomita 21 yamma da shi, su ne hukumar da ke kansa. Can ake biyan harajin ƙasa, can ake ajiye takardun mallakar gonaki, kuma zaɓaɓɓen shugaban 'yan sandan gunduma shi ne mai kula da tsaro. Ƙarƙashin gunduma akwai wani ƙaramin yankin mulki da yake ɗauke da sunan Nicodemus, wanda ya haɗa garin da gonakin kewaye, kuma a Kansas irin wannan yanki yana da zaɓaɓɓun jami'ai uku: wakili, magatakarda da ma'aji. Ikonsu ba shi da yawa. Ga ɗalibanki wannan ba zai yi wuyar fahimta ba, domin ƙauyukanmu ma ba su da majalisar kansu, ƙaramar hukuma ce ke kansu. Bambancin shi ne mu muna da mai unguwa da dagaci da suke tsayawa tsakanin jama'a da hukuma, su kuwa ba su da sarauta, sai coci da ƙungiyar tarihin garin da manyan iyalai suka cike wannan gurbi.

Game da ko ya kamata irin wannan wuri ya nemi hukumar kansa, ni ban ga ribar da zai ci ba. Dokokin jihohi sukan gindaya sharuɗɗa, har da na yawan jama'a, kuma ko da an cika su, hukumar gari tana buƙatar kasafin kuɗi na shekara-shekara, da zaɓe, da mutanen da za su yarda su riƙe muƙamai, da harajin da zai ɗauki wannan nauyi. Inda mazauna ba su kai ashirin ba, yawancinsu kuma dattawa, barin gunduma ta ɗauki nauyin shi ne abin da hankali zai ɗauka.

Ƙasar da garin yake zaune a kai

Wanda yake son fahimtar yawan mutanen Nicodemus sai ya fara duban sama kafin ƙasa. Garin yana kan tudun da ke arewa da reshen kudu na kogin Solomon, a tsayin da ya kai kimanin mita 600 daga matakin teku, a tsakiyar manyan filayen ciyawa na Amurka. Birnin Kansas yana gabas da shi, Denver yana yamma, kowanne tafiyar wajen kilomita 480. Babbar hanya mai lamba 24 ce ta bi ta gefensa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne garin yana dab da layin digiri 100 na yamma, layin da masana suka daɗe suna ɗauka a matsayin iyaka tsakanin gabashin Amurka mai wadatar ruwa da yammacinta mai ƙarancinsa. A wajen wannan layi ruwan shekara yakan tsaya tsakanin milimita 500 zuwa 600, mafi yawansa a watannin zafi, kuma ba shi da alƙawari: shekara ɗaya ya wadata, shekaru biyu ko uku su biyo baya da fari. Manomin arewacin Katsina ko na Maraɗi ya san irin wannan ruwa sarai. Abin da bai sani ba shi ne hunturun da ke biye, wanda sanyinsa kan sauka ƙasa da digiri 15 a ƙarƙashin sifili, da dusar ƙanƙara da iskar da babu tsauni ko kurmin da zai tare ta.

Itatuwa ba su da yawa, sai 'yan waɗanda suka bi bakin kogi. Ƙasar tana da kyau idan ta sami ruwa, amma saiwar gajeriyar ciyawar da ta rufe ta ta sarƙe kamar tabarma, fasa ta da farko aiki ne na garma da dabbobi masu ƙarfi. A ƙarƙashinta akwai farin dutse mai laushi wanda ake iya yankawa, shi ya sa da yawa daga tsofaffin gine-ginen garin na dutse ne ba na katako ba. Amfanin gonar da ya karɓi yankin shi ne alkamar da ake shukawa a watan Satumba ko Oktoba, ta kwana a ƙasa duk hunturu, a girbe ta a Yuni ko Yuli, sai kuma dawa, wadda asalinta daga Afirka take, kuma Kansas ce kan gaba wajen nomanta a duk Amurka. Ba banza dawa ta zauna a can ba, juriyar farin da muka san ta da ita ce ta kai ta.

Akwai wani abu na biyu da ya shata makomar wurin tun kafin kowa ya zo, wato yadda gwamnati ta yanka ƙasar. Tun daga dokar 1785 aka riƙa auna filayen yamma a murabba'ai: babban murabba'i mai mil shida kowane gefe, an raba shi gida 36, kowane gida eka 640, kowane gida kuma an sake raba shi huɗu, eka 160 ke nan, kusan hekta 65. Dokar ba da filaye ta 1862 ta ce duk wanda ya zauna a kan irin wannan kaso ɗaya, ya gina muhalli, ya noma shi shekara biyar, ya zama nasa. A gabas eka 160 arziki ne. A bakin layin digiri 100 kuwa abin ya sha bamban, kuma a 1878, shekara ɗaya bayan kafa Nicodemus, wani masanin ƙasa mai suna John Wesley Powell ya gabatar wa gwamnati rahoton cewa wannan ma'auni bai dace da ƙasashen fari ba, har ya ba da shawarar eka 2,560 ga gonar kiwo. Ba a saurare shi ba. Ki riƙe wannan adadi na 160, zan dawo kansa.

Waɗanda suka zo, da abin da suka tarar

An kafa kamfanin garin Nicodemus a watan Afrilu na 1877, shekarar da gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kare baƙaƙen fata a jihohin kudu, shekara goma sha biyu bayan soke bauta. Cikin waɗanda suka kafa shi akwai W. R. Hill, wani Bature mai harkar filaye wanda sunansa Hill City ya ɗauka, da malaman coci baƙaƙe irin su W. H. Smith da Simon P. Roundtree. Suka bi coci-coci a jihar Kentaki, musamman wajejen Lexington da Georgetown, suna yi wa 'yantattun bayi da 'ya'yansu albishir da ƙasar da za su mallaka da sunansu. A watan Satumba na 1877 wani babban ayari mai mutum wajen 300 ya iso, wasu kuma suka biyo baya a farkon 1878. Jirgin ƙasa a Ellis yake sauke su, sauran tafiyar, fiye da kilomita 50, da ƙafa ko a keken doki.

Akwai labarin da wata daga cikinsu, Willianna Hickman, ta bayar bayan ta tsufa, wanda nake karanta wa ɗalibaina duk shekara domin ya fi kowace taswira bayyana wurin. Ta iso a 1878 ba ta da lafiya, tana kwance a cikin keken, sai ta ji maza suna ihu cewa ga Nicodemus can. Ta ɗaga kai ta duba iya ganinta, ba ta ga gida ko ɗaya ba. Ta tambayi mijinta ina garin yake, sai ya nuna mata hayaƙi yana fitowa daga cikin ƙasa nan da can, ya ce shi ke nan. Mutanen a cikin ramuka suke zaune, sun haƙa gefen tudu sun rufe da itace da ɓawon ƙasa mai ciyawa, domin babu katakon gini. Ta ce kuka ta fashe da shi. Ayarin farko sun iso bayan lokacin shuka ya wuce, da yawansu ba su da doki ko garma, wasu da shebur da fartanya suka fara fasa ƙasar. Busasshen kashin dabbobi suka riƙa ƙonawa a maimakon itace, suka riƙa tsintar ƙasusuwan baunar Amurka da aka karkashe suna sayarwa. Zuriyarsu har yau suna ba da labarin cewa wasu mafarauta 'yan ƙabilar Osage da suka biyo ta wurin sun raba musu nama a wancan hunturu na farko. Wasu ba su jure ba, suka koma gabas.

Waɗanda suka tsaya sun gina gari na sosai. A tsakiyar shekarun 1880 akwai ɗaruruwan baƙaƙen fata a garin da gonakin kewaye, akwai kantuna, da otal, da coci-coci, da makaranta, da gidan waya, har da jaridu biyu, Western Cyclone da Nicodemus Enterprise. Ɗaya daga mazaunansa, Edward P. McCabe, ya ci zaɓen zama mai binciken kuɗi na jihar Kansas baki ɗaya a 1882, abin da ba ƙarami ba ne ga baƙar fata a wancan zamani.

Mil shida

A filayen nan, garin da layin dogo bai ratsa ba ya shiga uku, domin hatsi abu ne mai nauyi, kuma babu kogin da jirgin ruwa zai bi. Mutanen Nicodemus sun san haka. A 1887 suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da ɗaukar bashin dala 16,000 domin jawo hankalin kamfanin Missouri Pacific, amma layin ya tsaya a Stockton, gabas da su, bai ƙaraso ba. A 1888 kamfanin Union Pacific ya shimfiɗa nasa layin ta kudancin kogi, ya kafa tasha a wani wuri da ya zama garin Bogue, kimanin mil shida daga Nicodemus, wato ƙasa da kilomita 10. A yau wannan tafiyar minti kaɗan ce a mota. A zamanin keken doki da kogin da sai an tsallaka, ta isa ta kashe kasuwa. 'Yan kasuwa suka kwashe kayansu suka koma bakin tasha, wasu har da gine-ginensu suka ɗauka.

Sai dai ina jan hankalinki kada ki tsaya a nan, kamar yadda masu ba da labarin garin da yawa suke yi. Rashin layin dogo ya bayyana dalilin da ya sa Nicodemus bai zama cibiyar kasuwanci ba, amma bai bayyana dalilin da ya sa gonakin kewaye suka zama babu kowa ba, domin garuruwan da suka sami layin dogon ma sun ragu. Gundumar Graham gaba ɗaya tana da mutum 8,700 a 1910. A 2010 sun koma 2,597, a 2020 kuma 2,415. Ta yi asarar fiye da kashi 70 cikin ɗari na jama'arta, a fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 2,300, wato yanzu kusan mutum ɗaya ne a kowane murabba'in kilomita. Fiye da rabin waɗanda suka rage ɗin ma a Hill City suke.

A nan lissafin eka 160 yake dawowa. Babban murabba'i mai mil shida ya ƙunshi eka 23,040. Idan kowane iyali yana da 160, a kan takarda zai ɗauki iyalai 144, idan kuma muka ƙaddara mutum biyar a kowane gida, mutum 720 ke nan, waɗanda suka isa su cika makaranta da coci, su riƙe kanti da maƙera. A yau matsakaiciyar gona a Kansas ta kai wajen eka 800, a yammacin jihar ma ta fi haka. Raba 23,040 da 800, abin da zai fito bai kai gona 30 ba, kuma iyalan yanzu ba su kai na da yawan 'ya'ya ba. Tarakta da injin girbi sun ba mutum ɗaya ikon yin aikin da a da sai gayya, ƙarancin ruwa kuma ya tilasta wa wanda yake son ya rayu da noma ya faɗaɗa gonarsa ta hanyar sayen ta maƙwabcin da ya gaji. Farin shekarun 1930, lokacin da iska ta riƙa kwashe ƙasar gonaki tana mayar da rana dare, tare da karyewar farashin hatsi, ya gaggauta abin, gonaki da yawa suka salwanta a hannun masu bin bashi da masu karɓar haraji. Ga manoma baƙaƙe akwai ƙarin nauyi, domin nuna musu bambanci wajen rancen noma na gwamnati abu ne da ya kai ga babbar shari'a wadda aka sasanta a 1999. Matasa suka nufi Denver da Topeka da Kaliforniya. Gidan wayar Nicodemus ya rufe a 1953, makarantar ma daga baya ta bi sahu. Da zarar makaranta ta rufe, iyali mai ƙananan yara ba ya sha'awar zama, wannan kuma shi ne abin da na gani yana maimaita kansa a duk ƙaramin matsugunin da na taɓa nazari.

Adadin 14

Amurka tana ƙidaya duk shekara goma tun 1790, kuma ƙa'idarta ita ce a ƙirga mutum a inda ya saba kwana mafi yawan lokaci, bisa ranar 1 ga Afrilu. Wannan ya bambanta da ƙidayar Najeriya ta 2006, wadda aka ƙirga mutum a inda aka gan shi, har mutane suka riƙa komawa garuruwansu domin a ƙirga su a can. A Amurka wanda yake aiki a Denver ɗan Denver ne a takarda, ko da kakanninsa shida suna kwance a maƙabartar Nicodemus, ko da yana da gona a can yana biyan harajinta.

Sannan tun da garin ba shi da iyaka ta doka, Hukumar Ƙidaya ce take zana masa wata iyaka domin lissafi kawai. Wanda gidansa yake cikin layin an ƙirga shi a Nicodemus. Wanda yake gidan gona mil biyu daga nan, yana zuwa coci ɗaya da su, sunan danginsa ɗaya da nasu, yana cikin lissafin ƙaramin yankin da na gunduma, amma ba ya cikin 14 ɗin. Da an ja layin ya ɗan faɗaɗa, da adadin ya canza ba tare da an haifi kowa ko an binne kowa ba. Akwai kuma abu na uku da mutane ƙalilan suka sani. A ƙidayar 2020 hukumar ta shigar da 'yar gurɓata cikin ƙananan alƙaluma da gangan, domin kada wani ya gano bayanan mutum ɗaya daga cikinsu. Jimillar jiha daidai take, amma ta ƙaramin wuri tana iya ƙaruwa ko raguwa da 'yan kawuna. Monowi da na ambata ta fito da mutum biyu a wannan ƙidaya, alhali kowa ya san mace ɗaya ce a garin. A birni mai mutum dubu ɗari wannan ba komai ba ne, amma a wuri mai 14, mutum biyu kashi ɗaya cikin bakwai ne na jama'a. Don haka ki karanta adadin a matsayin "goma sha wani abu", kuma kada ki fitar da kaso cikin ɗari na maza da mata ko na tsofaffi daga cikinsa, domin iyali ɗaya da ya tare ko ya tashi zai rushe lissafin.

Na koyi wannan darasi ne a gida, ba a littafi ba. Wata shekara a watan Maris muka je ƙirga gidaje a wani ƙaramin ƙauye, muka bi gida-gida muka rubuta waɗanda suka kwana a ciki. Da yamma na zauna da mai unguwa a gindin wata bishiyar darbejiya, na karanta masa abin da muka samu. Ya yi shiru, sannan ya fara kiran sunayen magidanta ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasa yatsu, kowane gida ya ambaci 'ya'yansa maza, har da waɗanda suka tafi cirani kudu tun bayan girbi, da wani da ya shekara bakwai bai zo ba amma ɗakinsa yana nan a kulle, ana kuma noma masa gonarsa. Lissafinsa ya ɗara nawa nesa ba kusa ba. Na ce masa waɗannan ai ba sa nan. Ya ce da ni, to in ba 'yan garin nan ba ne, 'yan ina ne? Ban sami amsar da zan ba shi ba, domin ni ina ƙirga masu kwana ne, shi kuwa yana ƙirga masu gari, kuma kowannenmu yana da gaskiya a kan abin da yake ƙirgawa. Wanda zai haƙa rijiya yana buƙatar adadina, wanda zai raba gado ko ya nemi gudummawar gyaran masallaci yana buƙatar nasa.

Nicodemus yana da irin wannan lissafi na biyu, kuma ana ganinsa da ido sau ɗaya a shekara. Tun 1878 ake yin bikin tunawa da 'yanci a garin, wanda yanzu ake yi a ƙarshen makon ƙarshe na watan Yuli a matsayin bikin dawowa gida. Zuriyar waɗanda suka kafa garin sukan zo daga jihohi daban-daban, ɗaruruwansu, a yi jerin gwano, a ci abinci tare, a yi ibada, a ziyarci kaburbura. Wannan riƙo da suka yi wa wurin shi ne ya kai ga sanya shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1976, sannan a ranar 12 ga Nuwamba 1996 aka mayar da shi wurin tarihi ƙarƙashin hukumar kula da wuraren tarihi da gandun daji ta tarayya. Gine-gine biyar ne suka zama ginshiƙinsa: tsohon otal na St. Francis na 1881, cocin A.M.E. (ɗarikar Methodist ta baƙaƙen fata) na 1885, tsohon cocin Baptis na 1907, makarantar 1918, da zauren taro na farin dutse da aka gina a 1939 cikin ayyukan da gwamnati ta ƙirƙiro domin samar da aikin yi a lokacin karayar tattalin arziki. Ana ɗaukarsa a matsayin garin da ya rage a yammacin kogin Misisipi daga cikin waɗanda baƙaƙen fata suka kafa a wancan zamani na bayan yaƙin basasar Amurka. Wannan ita ce amsar dalilin da ya sa gwamnatin tarayya take kula da gine-ginen wurin da ba shi da ko magajin gari.

Ni mai karanta taswira da alƙaluma ne, ba mazaunin garin ba, kuma kayan aikina suna da iyaka: hoton tauraron ɗan'adam yana nuna rufin gida, ba ya nuna ko akwai mai kwana a ciki. Duk da haka ina ba ki shawarar ki buɗe wa ɗalibanki wannan hoto a aji. Za su ga titunan garin a miƙe, sun gicciye juna kamar gidan dara, wasu ɗauke da sunayen tsofaffin shugabannin Amurka irin su Washington, an shata su domin garin da aka yi tsammanin zai cika eka 160, amma mafi yawan filayen da ke tsakaninsu ciyawa ce, gidaje jefi-jefi. Su ja hoton baya kaɗan, za su ga koren layin itatuwa yana bin kogin Solomon ta kudu, Bogue a ɗaya gefen, da manyan murabba'an gonaki waɗanda a da kowanne yake da gida da hayaƙi. Ki ba su alƙaluman gundumar na 1910 da 2020 su fitar da raguwar da kansu, ki sa su yi lissafin eka 23,040 sau biyu, da 160 da kuma 800. Bayan haka ki tura kowannensu ya tambayi mai unguwarsu mutum nawa ne a unguwar a watan Maris, nawa ne kuma a watan Agusta, ya kuma tambaye shi su wa ya saka a lissafin.